Shagon furar zamani na unguwarmu: furar ta yi, amma kindirmon na buhu ne

Bari na fara da hukuncina tukun, wanda yake sauri sai ya wuce. Furar shagon nan ta yi, tsaftarsu ba a magana, sanyin ma har ƙwaƙwalwa, amma abin da suke kira kindirmo wallahi ba kindirmo ba ne, yogot ne da aka haɗa da madarar gari. Sunan shagon kuwa ba zan kama ba, kar a ce talla nake ko kuma ɓata wa mutum kasuwa, kuma dai irinsu sun cika Kano yanzu, kowane titi ka bi sai ka ga allo da hoton ƙwarya da ludayi da saniya fara mai dogon ƙaho.

Wajen ƙarami ne amma an gyara shi, tayil a ƙasa, firiza biyu masu aiki da sola, yaran shagon da hula da safar hannu. Ba ƙuda ko ɗaya, wanda duk mai shan fura a bakin tasha ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Furar kanta ta gero ce zalla, an kirɓa ta da kyau ba tsaki-tsaki ba yashi, citta da kanumfari da masoro sun fito ba su yi yawa ba, sai ɗan barkono da yake taɓa maƙogwaro a ƙarshe. Da blenda suke damawa, in kana so a sa maka dabino da kwakwa ko ayaba. Ni dai ayaba a fura ban gane mata ba har yau, amma yara suna so. Abu ɗaya da zan ce a nan, in ba ka yi magana ba sukari suke zubawa ba tausayi, to ka faɗa tun kafin a kunna injin. Kuma blenda tana kashe gudajin nan da wasunmu ke son tauna a ƙasan kofi, in kai mai son damun ludayi ne ka ce a dama maka da hannu, suna yi, sai dai yaron zai ɗan ɓata rai in akwai layi.

To sai maganar nonon. Duk wanda ya tashi da kindirmon ƙwarya ya san shi, a tafasa madarar da aka tatso, ta huce, a zuba ɗan tsohon nono a rufe da faifai ta kwana, da safe ka ga maiƙo ya kwanta a sama ga ƙanshin nan na man shanu da ɗan hayaƙi-hayaƙi. Na shagon nan fari ne tas, kaurinsa iri ɗaya daga sama har ƙasa, yana da santsi a harshe, kuma in ka gama sha sai ka ji wani ɗan maiƙo ya liƙe maka a dasashi. Na tambayi yaron da ke kan kanta na ce ɗan samari wannan daga wace ruga kuke ɗaukowa, ya yi dariya ya ce Anti ai daga Singa muke ɗaukowa, buhu-buhu. Ya burge ni da bai ɓoye ba gaskiya.

Buhun nan mai kilo 25 da ake sayarwa a kasuwar Singa, wanda masu shayi da masu yogot da masu burodi ke auna a mudu, yawancinsa ba ma cikakkiyar madara ba ce. A can Turai ake cire mata man shanunta a sayar daban saboda shi ne mai tsada, sai a maye gurbinsa da man kwakwar manja a busar a turo mana, ƙasar Ailan na cikin manyan masu turowa. Ba guba ba ce, ba kuma haramun ba ce, in ka juya bayan ledar madara da yawa da muke siya a kanti za ka ga an rubuta akwai man itatuwa a ciki. Kilo ɗaya yana ba da wajen lita 8 in an dama, ba ta saurin lalacewa, ba ruwanta da rani ko damina. In ni ce mai shagon ma ƙila lissafin da zan yi kenan.

Don ku duba fa, saniyarmu ta gida, bunaji ko rahaji ko bokoloji, abin da ake tatsa a rana bai wuce lita 1 zuwa 2 ba bayan ɗan maraƙi ya sha, da rani ma abin ya fi haka muni, alhali saniyar Holan tana ba da sama da lita 20. Sannan rugar tana can nesa ba titi ba wuta ba firiji, kafin madara ta iso gari ta tsinke. Su kansu matan Fulanin da ke kawo tallan nono da yawansu in rani ya yi tsanani madarar garin suke siya su haɗa, wasu su ƙara da garin 'ya'yan kuka da ruwa don ya yi auki da tsami, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Shi ya sa gwamnati da bakinta take cewa ana kashe kusan dala biliyan 1.5 duk shekara wajen shigo da madara, a ƙasar da shanu ke tare hanya.

Kuma abin ya daɗe. Peak tun 1954 take ƙasar nan, kakanninmu da ita suka san shayi. Cowbell ta zo a 1993 da ƙananan ledojin nan da talaka zai iya siya ɗaya-ɗaya, daga nan madarar gari ta shiga kowane lungu har ƙauyen da ake kiwon shanun. A watan Fabrairun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce kamfanoni shida kaɗai zai ba dala su shigo da madara, su ma da sharaɗin su zuba jari a kiwo a cikin gida, a 2024 kuma aka ɗage dokar. A dai shekarar aka ƙaddamar da tsarin madara na ƙasa, aka kuma kafa ma'aikatar kiwon dabbobi ta tarayya. Takardu dai ba a rasa su ba. A ƙasa kuma akwai ɗan motsi, Arla masu Dano sun buɗe gonar shanu a Damau da ke jihar Kaduna a 2023, Farm Fresh masu yogot na can Vom ta Filato, a nan Kano ma L&Z sun daɗe suna karɓar madara daga hannun makiyaya. Ke nan in mai shago ya so samun ta gida ba abu ne da ya gagara ba, tsada ce da wahalar jigila.

Amma kar a ce na zo ina wa nonon ƙwarya waƙa kawai. Ba kowace mai talla ke tafasa madara yadda ya kamata ba, kuma madarar da ba ta tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka ko bakkale, cutar nan mai sa shanu ɓari, daga saniya zuwa mutum, ga ruwan da ake sirkawa ba ka san daga ina aka ɗebo ba, ga ludayi ɗaya kowa ya sha a ɗauraye a ruwa ɗaya. Ta wannan ɓangaren shagon ya yi wa 'yar Fillo nisa, mai ciki ko ƙaramin yaro na fi yarda ya sha nasu.

Abin da ya ɓata min rai shi ne robobin da suke ɗurawa na tafiya da shi gida. Kwali mai kyau, hoton saniya, an rubuta kindirmo zalla, amma ba lambar NAFDAC, ba ranar da aka yi ba ranar lalacewa, ba a kuma faɗi abin da ke ciki ba. Abin da ake damawa a gabanka daban, abin da aka rufe a roba aka liƙa masa suna kuma daban, wannan doka ta ce a yi masa rajista. Na faɗa wa mai shagon na ce Alhaji ko dai a nemo nonon gaske a ƙara kuɗi ko a canza rubutun, ya ce in sha Allah Hajiya ana kan hanya. Mu dai mun san wannan hanyar.

Kuɗinsu ya kusa ninka na bakin kasuwa, da dabino da kwakwa ma ya wuce haka, amma kofin babba ne mutum biyu za su iya rabawa. Suna karɓar taransifa, bayan la'asar akwai cunkoso, da azumi kuwa in ba ka je tun kafin biyar ba sai ka sha ruwa a layi.

Zan koma, amma furar kawai nake siya yanzu ƙwallo-ƙwallo a leda, nonon kuma ina da wata Bafulatana da ke kawo min madara ranar Laraba, in sake dafa ta in ɗaura kindirmona da kaina. A cikin goma na ba furar takwas, tsafta tara, nonon biyar.