Gidan kallon garinmu da ƙwallon kwandon Amurka a ƙarshen kakar 2024/25

A garinmu da ke yankin Ringim, gidan kallo ɗaya ne tak ya yarda ya riƙa nuna gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, kuma tun cikin watan azumi nake zuwa wurin kusan sau uku a mako. Yanzu da aka kammala wasannin kaka a ranar Lahadi 13 ga Afrilu 2025, kuma za a shiga zagayen fidda gwani ranar Asabar 19 ga wata, na ga ya dace in faɗi abin da na gani, domin mai niyyar raya dare a can ya san abin da zai tarar.

Babbar wahalar wannan gasa a wurinmu ita ce lokaci. Tsakaninmu da New York akwai bambancin awa 5 a wannan lokaci na shekara, saboda haka wasan da aka fara da ƙarfe 7:30 na yamma a can, sai 12:30 na dare yake zuwa mana, na biranen gaɓar yamma kuwa irin su Los Angeles sau da yawa sai ƙarfe 3 ake soma su. Minti 48 ne a ƙa'ida, kashi huɗu na minti 12, amma da tsaye-tsaye da hutu yakan haura awa biyu, har ladan ya yi kiran farko ana cikin kashi na huɗu. A nan mai gidan ya cancanci yabo. Ya haɗa sola da batira, don haka babu ƙarar janareta da za ta hana maƙwabta barci, yana rage murya bayan sha biyu, kuma da an kira salla yake kashe majigi ko da saura minti biyu ne. Kuɗin shiga daidai yake da na wasan Firimiya. A azumi abin ya yi daɗi, domin ana tashi daga kallo sai sahur.

Ranar ƙarshe ta kaka ce ta fi kowace armashi, saboda duk ƙungiyoyi 30 sun buga, kuma a lokacin da mutum yake da ido: na shiyyar gabas da ƙarfe 6 na yamma, na shiyyar yamma da 8:30. Mun rasa farkon na gabas, domin magoya bayan Manchester United sun ƙi tashi daga benci sai da Newcastle ta gama zuba musu 4 da 1, sannan ga magariba. Amma an nuna mana karawar Clippers da Golden State Warriors daga farko har ƙarin lokaci, inda Clippers ta ci 124 da 119. Wannan rashin nasara ya jefa Stephen Curry da abokansa mataki na 7, alhali ƙungiyoyi shida na sama a kowace shiyya ne kaɗai ke wucewa kai tsaye, na 7 zuwa na 10 kuwa sai sun yi wasannin cike gurbi. Mai gidan ya zana wannan tsari da alli a bango, kuma ya taimaka ƙwarai ga samarin da ƙwallon ƙafa kaɗai suka sani.

Inda nake da ƙorafi shi ne zaɓen wasa. Duk daren da Lakers, ƙungiyar LeBron James, ko Warriors ke bugawa, su za a saka, ko da akwai wasan da ya fi muhimmanci. Na yi masa magana, sai ya ce, “Malam, in ban saka LeBron ba, ni da kai kaɗai za mu zauna.” Ban ga laifinsa ba ta fuskar kasuwa, amma sakamakon shi ne yawancin masu zuwa ba su taɓa ganin ƙungiyoyin da suka fi kowa ƙarfi a kakar 2024/25 ba. Oklahoma City Thunder ta ci wasa 68 cikin 82, ta bai wa Houston da ke biye da ita tazarar wasa 16, kuma ɗan wasan Oklahoma Shai Gilgeous-Alexander ne ya fi kowa zura maki a gasar, sama da 32 a kowane wasa. Cleveland ta buɗe kaka da nasara 15 a jere, ta ƙare da 64. A tsawon zuwana, sau biyu kawai aka nuna Oklahoma, duka biyun kuma saboda da Lakers take bugawa.

Shi ya sa muhawarar da ake tafkawa a teburin mai shayin ƙofar gidan ta karkata. Samari sun riga sun miƙa wa Lakers kofi tun ranar da aka kawo Luka Doncic daga Dallas a watan Fabrairu. Ba a musun gwanintarsa, amma an ba da Anthony Davis ne kafin a same shi, kuma tun daga nan har ƙarshen kakar ƙungiyar ba ta samu dogon da zai tsare ƙarƙashin kwando ba. LeBron James ya cika shekara 40 a Disambar 2024, kuma zagayen farko da Minnesota ne, mai Anthony Edwards da Rudy Gobert, a tsarin da sai ka ci wasa huɗu cikin bakwai. A ganina wannan ba ƙaramin tudu ba ne.

Idan aka tambaye ni, Oklahoma da Boston nake sa rai su haɗu a wasan ƙarshe a watan Yuni. Boston ce ta ɗauki kofin 2024, na 18 a tarihinta, ta ci wasa 61 a wannan kaka, kuma Jayson Tatum da Jaylen Brown sun san hanyar. Abin da ke sa ni ja da baya kaɗan shi ne tun bayan Warriors a 2017 da 2018 babu wanda ya ɗauka sau biyu a jere. Denver kuwa ta ba kowa mamaki da ta sallami kociyanta Michael Malone saura wasa uku a gama kaka, duk da shi ya ciyo mata kofin 2023, sai dai ƙungiyar da ke da Nikola Jokic ba a cire ta daga lissafi. Zuciyata dai tana Houston, garin da Hakeem Olajuwon ɗan Legas ya ɗauki kofi a 1994 da 1995, wadda a kakar 2024/25 Ime Udoka, tsohon ɗan wasan tawagar Najeriya, yake horarwa. Da mai gidan zai jawo hankalin yara ta wannan fuska, ya nuna musu Giannis Antetokounmpo a Milwaukee da OG Anunoby a New York, waɗanda iyayensu ’yan Najeriya ne, ina jin ba LeBron kaɗai zai cika masa benci ba.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma suna damun mai kallo. Rufin kwano ne, fanka biyu ce, kuma a wannan bazara ɗakin bai huce ba har ƙarfe biyun dare. Batiran ma sukan gaza idan an yi dogon kallon ƙwallon ƙafa da yamma; sau ɗaya hoto ya ɗauke mana ana saura minti huɗu, maki kunnen doki. Sannan ba a rubuta jadawali, sai mutum ya taka har can cikin dare ya tarar da ƙofa a rufe. Ya yi mini alkawarin daga wannan mako zai riƙa rubuta wasannin a allon ƙofa tun da la'asar, farawa da na cike gurbi tsakanin Warriors da Memphis, wanda zai zo mana da ƙarfe 3 na daren Talata wayewar Laraba, kuma wanda ya ci shi zai haɗu da Houston. Zan je da tabarmata, domin bencin ba ya zaunuwa awa biyu da rabi.