Wace na'ura za a saya domin auna kogin da dusar ƙanƙara ke ciyarwa?

Duk wanda aka ɗora wa sayen na'urar auna tsayin ruwa domin kogi irin Ourika ko Rheraya, waɗanda ke gangarowa daga tsaunukan Atlas a kudu da birnin Marakesh na ƙasar Maroko, ya kamata ya fahimci halin kogin kafin ya buɗe takardar farashi. Ruwansu na bazara yana fitowa ne daga dusar ƙanƙarar da ta taru a kan Toubkal, mai tsayin mita 4,167, da tsaunukan da ke kewaye da shi, kuma tana narkewa galibi daga Maris zuwa Mayu. A wannan lokaci kogin yana hawa da sauka kullum: rana ta narkar da ƙanƙara da tsakar rana, ruwan ya iso ƙasa da yamma ko cikin dare, gari na wayewa ya ja baya. Bambancin sau da yawa 'yan santimita ne kawai. Sannan wajen watan Agusta hadari kan haɗu a kan tsauni, ya sako ambaliya mai ɗauke da duwatsu da itatuwa cikin ƙanƙanen lokaci, irin wadda ta halaka mutane masu yawa a kwarin Ourika ranar 17 ga Agusta, 1995. Saboda haka ana neman na'urar da za ta ga canjin santimita guda a Afrilu, kuma a same ta a wurinta bayan Agusta.

Sandar awo mai zanen lambobi wajibi ce ko da me aka saya, domin da ita ake gwada gaskiyar kowace na'ura, amma mai karanta ta da ƙarfe takwas na safe ba zai taɓa ganin ƙololuwar ruwan dare ba. Rijiyar awo, wadda ake sa wani abu mai iyo a saman ruwan cikinta, aikin gini ne mai tsada, kuma rairayi kan toshe bututunta cikin shekara guda. Na'urar da ke hura kumfar iska ta siririn bututu tana da kyau a kogi mai natsuwa, sai dai bakin bututun yana cikin ruwa, inda tsakuwa ke binne shi. Na'urar da ke aika sautin da kunne ba ya ji zuwa saman ruwa ta lissafa lokacin dawowarsa kuwa, araharta ce ke jan mutane, alhali gudun sauti a iska yana canjawa da kimanin kashi 0.18 cikin ɗari a kowane digiri na zafi. Idan an rataye ta mita 5 sama da ruwa, aka sami bambancin digiri 20 tsakanin asuba da azahar, kuskuren zai iya kai santimita 18 in ba a gyara lissafin ba, kuma ma'aunin zafin da ke cikin jikinta zafin robar da rana ta gasa yake ji. Ta haka za ta ƙirƙiro hawa da sauka na ƙarya kowace rana, daidai kan abin da ake son aunawa.

Mafi yawan ƙananan ayyuka suna ƙarewa ne a kan ma'aunin matsin ruwa, wato ɗan ƙarfe mai tsawon tafin hannu da ake nutsarwa a kogi, irin Levelogger na kamfanin Solinst ko HOBO U20. Yana da sauƙin kuɗi, batirinsa na shekaru, kuma ba ya jawo idon ɓarawo. Nau'i biyu ne. Wanda ba shi da bututun shan iska yana haɗa nauyin ruwa da na iskar sama, don haka dole a sayi na biyu a rataye a waje domin a cire matsin iska, tun da canjin matsin iska na hektofaskal guda yana daidai da kusan santimita guda na ruwa. Wannan na biyun kuma sai ya zauna kusa da wurin da ake awon, bai kamata a ari bayanan filin jirgin sama da ke ƙasa a fili ba. Mai bututun shan iska ya huta da wannan, amma idan garin tsotse laimar da ke bakin bututun ya jiƙe, awon zai riƙa karkacewa a hankali ba tare da wata alama ba. Babban aibinsu duka biyu shi ne zamansu a cikin kogin. Idan ruwa ya daskare a kansa, ƙanƙara tana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ta danne siririn fatar da ke jin matsi. A wani aiki da na yi a wani rafi na wannan yanki, an kulle ma'aunin cikin bututun ƙarfe da aka ɗaure a jikin dutse, ambaliya guda ta tafi da bututun da ma'aunin da bayanan bazarar da ke cikinsa, abin da ya rage kusoshi biyu ne a lanƙwashe. Tun daga nan tambayata ta farko ga kowace na'ura ita ce ko tana taɓa ruwa.

Rada ba ta taɓa shi, kuma ita nake ba da shawarar a saya. Ana ɗaure ta a ƙarƙashin gada ko a bakin wani hannun ƙarfe da ya miƙo saman kogin, ta aika igiyar rediyo ƙasa, ta lissafa lokacin dawowarta. Zafi da sanyi da iska ba su da wani tasirin a zo a gani a kan wannan igiya, laka da gishirin ruwa ba su dame ta ba, dutse kuma yana wucewa ta ƙarƙashinta. OTT RLS, wadda ke aiki da igiyar rediyo mai mitar gigahaz 24, tana kaiwa nisan mita 35, kuma tana ɗaukar awo da yawa cikin kusan daƙiƙa 20 ta fitar da matsakaici, abin da ke da amfani ƙwarai a ruwa mai tsalle da kumfa. Na'urorin VEGAPULS na kamfanin VEGA na Jamus, masu gigahaz 80, suna da siririn haske, wato igiyarsu ba ta bazuwa sosai, C 21 tana kaiwa aƙalla mita 15, C 23 kuma mita 30, kuskurensu bai wuce milimita 2 ba a kan takarda. Siririn hasken nan shi ne abin da ya fi burge ni, domin kwazazzabon tsauni matsattse ne, kuma haske mai faɗi yakan kamo ƙafar gada ko reshen bishiya ya ɗauka ruwa ne. A nemi wadda ke magana da akwatin adana bayanai ta hanyar SDI-12, saboda tana barci tsakanin awo, ƙaramin farantin sola da batir guda sun ishe ta ta auna duk minti goma sha biyar. Tana da nata matsalolin: sai an daidaita ta a miƙe tsaf, idan kogi ya sauya hanya za ta zauna tana auna busasshiyar tsakuwa, idan ya daskare saman ƙanƙarar za ta gani, farantin sola kuma yana bukatar a yi magana da mutanen ƙauye su sa ido. Duk waɗannan ana gano su a gyara, na'urar kuwa tana nan.

Tsayin ruwa dabam, yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa dabam, kuma dillalai ba sa son faɗin wannan. Sai an je kogin a lokuta mabambanta an auna gudunsa, an zana dangantakar tsayi da yawa, kuma kowace babbar ambaliya tana rushe wannan dangantaka saboda ta kwashe ko ta jibge tsakuwa. Na'urar auna gudun ruwa da ake ja a kan ƙaramin kwalekwale ba ta da wurin aiki a rafi mai duwatsu. Abin da ya dace shi ne awon gishiri: a narkar da gishirin da aka auna nauyinsa, kimanin kilo guda ga kowace mita kubik a daƙiƙa, a zuba a sama, a tsaya ƙasa inda ya gauraye sarai da ma'aunin da ke jin gishiri a ruwa. A ware kuɗin wannan ma'auni tun farko. Radar da ke auna gudun saman ruwa, irin RQ-30 ta Sommer, tana taimakawa lokacin ambaliya ga mai halin saye.

Inda aka fi cutar masu saye shi ne kasuwar intanet da hannun 'yan kwangila. An sha sayar da na'urar sauti da sunan rada, an yi mata kwali mai kyau da farashi rabin na gaskiya, araha kuwa ba ta ado. Gwajin mai sauƙi ne: a rataye ta saman bokitin ruwa, a sa busasshen kwali tsakaninsu. Igiyar rada tana ratsa kwalin ta ga ruwan, sauti kuwa a kan kwalin yake tsayawa, kuma da yawansu idan ka kara kunne za ka ji suna ƙyas-ƙyas. Akwai kuma radar gaskiya da aka ƙera domin cikin rufaffen tanki, wadda ƙa'idar Turai ta EN 302 372 ta shafa, ake sayarwa domin fili, alhali ta fili tana ƙarƙashin EN 302 729, kuma hukumar sadarwa ko kwastan na iya riƙe kayan. Rubutun IP68 a jikin roba, wato alamar cewa ruwa ba ya shiga na'urar, ba hujja ba ne, a duba inda waya ta shiga jiki, domin nan ruwa ke bi. Ma'aunan matsi na gwanjo ana goge su a sayar a matsayin sababbi, batirinsu kuma a rufe yake ba a canja shi a gida, don haka a haɗa shi da kwamfuta a gaban mai sayarwa a ga ƙarfin batir. Takardar shaidar daidaito da ba ta ɗauke da lambar jikin na'urar da ke hannunka kwafi ce kawai, kuma na taɓa ganin takarda guda ta raka na'urori uku. A aika lambar ga kamfanin da ya ƙera ya tabbatar, a tambaye shi ko wannan dillali wakilinsa ne, a kuma rubuta a yarjejeniya cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai na'urar ta yi mako biyu a kan gada awonta yana dacewa da sandar awo safe da yamma.