Mercedes 1017A tsohuwar motar sojan Jamus: abin da na gani kafin saye da bayan saye

Yau shekara ɗaya da wata biyu ke nan da na sayi wannan mota, ina ɗauko hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, kuma tunda mutane na ta tambayata ko tana da kyau gara in faɗi abin da na sani kowa ya huta.

Abin da ya kusa kai ni ya baro shi ne harafi ɗaya tal. Akwai 1017 akwai kuma 1017A, duka sojan Jamus sun yi amfani da su tun wajen ƙarshen shekarun 1970, kai iri ɗaya mai faffaɗar fuska, bodi iri ɗaya, inji ma ɗaya ne wato OM 352 mai tobo, silinda 6, ƙarfinsa kusan doki 170. In an jera maka su biyu ka tsaya daga nesa wallahi ba za ka raba su ba. To amma 1017 tayoyin baya kaɗai ke ja, ita kuwa mai A gaba da baya duk suna ja, A ɗin nan a Jamusanci ma'anarta ke nan. Ni kuma saboda damina nake neman mota, hanyoyin da nake bi in ruwa ya sauka sai wanda ya gani.

Dillalin da ya fara kai ni wani gareji ya nuna min wata fes da ita, an manna 1017A a jikin ƙofa, yana ta cewa Alhaji wannan ko rairayin Agadas ka shiga da ita ba ta kafewa. Har na fara taya ta. Allah ya sa na tafi da bakanikena, dattijo ne da ya tsufa a kan gyaran babbar motar Mercedes 911, bai ce komai ba ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, can sai ya kira ni ya ce Alhaji durƙuso ka gani da idonka. Aksul ɗin gaba miƙaƙƙen ƙarfe ne kawai, babu wannan tulun na difaranshiyal a tsakiya, babu furofela da ta taho gaba, babu ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi gaba da baya. Rubutun ƙofa kuwa da farce ya ɓanɓaro gefensa. Ya ce rubutu ko yaron mota ya iya mannawa, a nemi farantin ƙarfen kamfani a haɗa lambarsa da wadda aka buga a jikin shasi da wadda ke takardar kwastan, in ukun nan ba su zo ɗaya ba a kama gaba. Ta uku da muka duba ita muka saya, kuma ko a tsaye za ka ga gabanta ya fi ɗagawa sama.

A wannan garejin ma akwai wata da ake rikita mutane da ita, Magirus, wadda daga baya ake rubuta mata Iveco 110-17, ita ma tan 5 take ɗauka kuma aiki ɗaya suka yi a soja. Ba ta da lagireto sam, injin Deutz ne iska ke sanyaya shi, ƙararta ma daban ce. Mota ce mai ƙarfi ba na kushe ta, amma ni kayan gyara na duba. Injin 1017 dangin na 911 da 1113 ne waɗanda suka cika ƙasar nan, ka shiga Kofar Ruwa ka ce fiston ko nozul ko gasket na 352 yanzu a miƙo maka, kuma duk garin da ta tsaya maka akwai wanda ya san cikinta.

Batun aiki kuwa gaskiya ta biya ni. A watan Agusta na shiga wani fadama da buhu 50 na masara, taɓo har ya kusa shafe tayoyi, na sa ƙaramar giya ta fita tana gurnani kamar ba komai, bayan mun wuce muka dawo muka janyo wata mota ƙirar Kanta da ta kwana a wurin. Amma fa ba ta gudu, in ta kai 80 da ɗan wani abu shi ke nan ta gama, kuma tana shan gas fiye da marar A tunda akwai ƙarin ƙarfe da take juyawa. Wanda aikinsa kan kwalta ne kawai, Kano zuwa Kaduna ya dawo, ni ban ga dalilin da zai biya kuɗin mai A ba.

Inda na ji jiki shi ne yarda da mita. Motocin soja ba sa yin tafiya da yawa, tawa kilomitanta kaɗan ne ƙwarai sai na ɗauka sabuwa na samu, ashe zaman da ta yi shekara da shekaru ya busar da duk wata roba da ke jikinta. Cikin wata biyu tiyon ruwa ya fashe, sil ɗin aksul ya fara yoyo, iskar birki tana zurarewa cikin dare. Tayoyin kuwa zanensu cike amma gefe duk ya tsattsage, da muka duba lambar shekara a jikinsu sai muka ga lamba uku ce, wato tun kafin 2000 aka yi su, dole na sauya duka shida lokaci guda kuma ban sa wannan a lissafi ba. Wutarta volt 24 ce batir biyu, kar yaro ya jona maka rediyo ko cajar waya ta 12 kai tsaye. Akwai kuma wata zagayayyar ƙofa a rufin kai saman kujerar yaron mota, robarta ta mutu, ruwan farko da aka yi a kan cinyarsa ya ƙare.

Sai fenti. Kar ka kuskura ka hau titi da koren nan na soja, doka ta hana farar hula amfani da kalar a Najeriya kuma a shingen farko za ka yi bayani. Tun tana gareji na sa aka mayar da tawa shuɗiya, aka cire duk wata alama ta soja, sannan na je neman lamba.