Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Amurka: manhajar cacar ƙwallo ta bogi da maganar "biya haraji kafin ka cire kuɗi"

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda ya ga wannan ya tura wa na kusa da shi, musamman samarinmu masu tuƙin tasi da masu kai abinci a keke a New York da New Jersey da kewaye, don su aka fi sa wa ido. Akwai wasu mutane da suka shigo gurup gurup na WhatsApp da Telegram suna tallar wata manhajar cacar ƙwallo, ba zan kama suna ba don sunan ma canzawa yake yi, yau wannan gobe wancan, amma salon ɗaya ne. Za a jefa ka cikin gurup ba ka nema ba, ko wani ya turo maka saƙon murya da Hausa tsantsa, "ɗan uwa ya aiki, ya sanyi", sannan ya ce ai yanzu gwamnatin Amurka ta halatta bet, komai a bisa doka yake, ga linki ka sauke manhaja za a ba ka bonas na dala ɗari biyu kyauta. Wallahi ƙarya ce aka yi mata kwalliya da gaskiya kaɗan, kuma wannan 'yar gaskiyar ita ke cin mutane.

Gaskiyar ita ce eh, an buɗe ƙofa. Tun 1992 akwai dokar tarayya da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, Nevada ce kawai take yi a cike. Jihar New Jersey ta yi ta shari'a a kai har Kotun Ƙoli ta soke dokar ranar 14 ga Mayu 2018. Amma kotu ba cewa ta yi kowa ya buɗe shago ba, cewa ta yi kowace jiha ta yanke wa kanta. Shi ya sa yanzu jihohi sama da 30 sun yarda, wasu kuma har yau babu, California babu, a 2022 ma aka kai maganar gaban masu zaɓe suka yi watsi da ita, Texas babu, Utah kam ko maganar ba a yi. To wanda zai ce maka manhajarsa tana aiki "a duk faɗin Amurka" tun daga nan ka san da wa kake magana. A New York ranar 8 ga Janairu 2022 aka fara yi ta waya, kuma kamfanoni ƙalilan ne aka ba lasin, irin su FanDuel da DraftKings da Caesars da BetRivers da suka fara a ranar, sunayen duk masu lasin suna nan a shafin hukumar New York State Gaming Commission, ko minti biyu ba za ka yi ba ka duba. Sai ka kai shekara 21, kuma sai wayarka ta nuna ƙafarka na cikin jihar a lokacin da kake sa kuɗin. Wani abun kuma, cacar kati da injin juyawa ta intanet irin na gidan kasino, New Jersey da Pennsylvania da Michigan sun yarda amma New York ba ta yarda ba, ita kuwa wannan manhajar tasu har da su a ciki, ko'ina kake buɗewa take yi ba ta tambayar inda kake.

Ga yadda suka yi wa wani yaro, ƙanin wani abokin aikina, da izininsa nake faɗa. Linkin da aka turo masa ba App Store ko Google Play ya kai shi ba, wani fayil ne ya sauka kai tsaye, wayar ma ta yi masa kashedi aka ce ya danna yarda kawai, wai don sabuwa ce. Da ya buɗe, kala da tambari kusan sak na wani babban kamfani da ake gani a talabijin, harafi ɗaya kawai aka sauya. Ya sa dala 50, washegari ta zama 130, ya ce bari ya gwada cirewa, kuma suka ba shi. Wannan ba shi ɗin shi ne ƙugiyar. Daga nan ya sake jiki, ya sa ɗari biyar, ya sa dubu, "manajan" da aka haɗa shi da shi yana turo masa wasannin da zai zaɓa kuma kusan duk suna ci, cikin 'yan makonni allon ya nuna masa sama da dala dubu bakwai. Ranar da ya danna cire kuɗi sai wani jan rubutu ya fito wai an riƙe asusunsa, sai ya biya harajin IRS, wato hukumar harajin Amurka, kashi ashirin cikin ɗari kafin a saki, kuma ba za a iya cirewa daga kuɗin da ke ciki ba wai doka ta hana, sai dai ya turo daga waje. Har da wata takarda mai hoton mikiya da sitamfi. Yadda za a biya kuma? Ya je shago ya sayo katin kyauta, ya kankare bayansa ya ɗauki hoton lambar ya tura. Na ga hotunan a wayarsa, katuna jere a kan kujerar mota, yatsarsa riƙe da gefen ɗaya. Ya tura, aka ce an samu, amma saura kuɗin tantancewa don kar a ɗauke shi mai safarar kuɗin haram. Ya ranto ya tura ta Zelle, hanyar tura kuɗi daga banki zuwa banki ta waya, zuwa sunan wata mata da bai taɓa ji ba. Da aka zo na uku ya ce ba shi da shi, sai manaja ya yi bulokin ɗinsa, aka cire shi a gurup, manhajar kuma ta daina buɗewa. Dubu bakwan nan dama babu ita, lamba ce kawai wani yake rubutawa a allo.

Maganar harajin nan ita nake so mu tsaya a kai don da ita suke kama har masu wayo, saboda kowa a ƙasar nan tsoron IRS yake ji, da an ambaci sunanta sai gaba ya faɗi. Toh ku saurara. Haraji a kan caca kala biyu ne. Akwai wanda kamfani ke biyan jiha daga ribarsa, a New York kashi 51 cikin ɗari ne, yana cikin mafi tsada a ƙasar, kuma yawancinsa harkar ilimi yake tafiya, wannan ba ruwanka da shi ko kaɗan. Sai naka, wato abin da ka ci kuɗin shiga ne a idon gwamnati kuma kai za ka rubuta shi a takardar harajinka ta shekara, wadda ake cikewa zuwa tsakiyar Afrilu. In cin ya yi girma sosai, ya haura dala 5,000 kuma ya ninka abin da ka sa sau 300, kamfanin ne da kansa zai yanke kashi 24 cikin ɗari daga cikin kuɗin ya tura wa IRS ya ba ka ragowar, tare da takardar da ake kira W-2G. Ka lura, daga ciki ake yankewa. Babu inda doka ta ce ka nemo wani kuɗi daga aljihunka ka tura kafin a ba ka naka, babu. Kuma IRS ba ta karɓar katin kyauta, ba ta magana da kowa ta WhatsApp, ba ta da "manaja". Hankali ma ya isa, mutum yana riƙe da dubu bakwai ɗinka amma ba zai iya cire dubu ɗaya da ɗari huɗu a ciki ba sai ka kawo masa wata? Haba.

Abin da ya fi kuɗin ciwo a wurina shi ne takardun da yaron ya miƙa. Wai tantance shekaru, ya tura hoton lasin tuƙi gaba da baya, hotonsa riƙe da lasin, da cikakkiyar lambar Social Security, wato lambar da gwamnati ke gane mutum da ita wajen aiki da haraji. Kamfanonin gaske ma suna tambayar bayanan mutum, shi ya sa bai ga abin zargi ba, amma su a cikin manhajarsu suke tambaya, ba wani ne zai ce turo min a caht ba. Wanda ke da waɗannan abubuwa uku zai iya buɗe katin bashi da sunanka, ya ci rance, ko ya riga ka cike takardar haraji ya karɓe kuɗin da za a dawo maka, kai ba za ka sani ba sai ranar da ka je neman hayar gida aka ce kiredit ɗinka, wato tarihin biyan bashinka, ya lalace.

Sannan akwai reshe na biyu na wannan harka wanda ya fi kama da taimako. Wani zai ce maka shi yana jihar da ba a yarda ba, ko yana wata ƙasa, ka buɗe asusu da sunanka a kamfani na gaske shi zai riƙa turo kuɗi kana sa masa, ko ka ba shi faswod ɗin, duk wata yana ba ka wani abu. Kar ka yarda ko ɗan ɗakinku ne. Sa wa wani caca da asusunka ya saɓa ƙa'ida, in suka gano rufe asusun za su yi da abin da ke ciki, harajin duk abin da aka ci kuma a wuyanka yake tunda sunanka ne a takarda, kuma in kuɗin da yake turowa na sata ne daga katin wasu, ƙofarka za a ƙwanƙwasa ba tasa ba. Masu jiran takardun zama ɗan ƙasa ku fi kowa kiyayewa, don dokar shige da fice ta ambaci samun kuɗi ta cacar da doka ta hana a cikin abubuwan da ke ɓata shaidar kyawun hali.

Su kuma masu sayar da "wasan da aka riga aka saya", wai suna da mutum a cikin kulob, biya dala ɗari a ba ka sakamako, wannan tsohuwar dabara ce. Mutum ɗari a hannunsa, hamsin ya ce musu wannan kulob zai ci, hamsin ya ce ɗayan, waɗanda tasu ta faɗa daidai ya sake raba su biyu, a zagaye na uku akwai mutum goma sha wani abu da suka ga ya faɗa sau uku bai kuskure ba, su za su rantse maka da shi kuma su ne masu sikirinshot ɗin da ake watsawa. In da gaske yana da sakamako me zai yi da ɗarinka? Kuma wanda ya taɓa wasa da gaske ba ya daɗewa, ku tuna Jontay Porter, ɗan wasan ƙwallon kwando na Toronto Raptors, a Afrilun 2024 hukumar gasarsu ta NBA ta kore shi har abada a kan harkar caca, daga baya ya amsa laifi a kotun tarayya a Brooklyn, kuma kuɗin da aka zuba a kansa ba bisa al'ada ba su suka tona.

Ni ban zo wa'azi ba, malamai sun yi kuma suna yi, kowa ya san hukuncin caca a addini kuma sa hannun gwamna bai canza shi ba. Kar ma wani ya ɗauka ina cewa ku koma na masu lasin, su ma ba sadaka suka zo rabawa ba, ka sa 110 don ka ci 100, a haka a hankali suke tatse mutum ba tare da sun karya doka ba, bonas ɗin da suke talla kuma ba kuɗi ne da za ka cire ka sa a aljihu ba. Amma dole a faɗi wani abu, waɗannan 'yan damfara da gangan suke zaɓar mu, don sun san Bahaushe in an cuce shi a caca ba zai faɗa ba. Zai ce wa matarsa me, zai ce wa liman me? Sai ya haɗiye, su kuma su wuce kan na gaba a gurup ɗaya. Yaron nan sai da mai bashin ya fara kiran yayansa sannan magana ta fito. Don haka in ɗanka ko ƙaninka ya zo maka da irin wannan, riƙe faɗan tukuna, a fara tare ɓarnar, faɗa ba ya guduwa.

Wanda ya riga ya faɗa, abu na farko kar ka ƙara tura ko sisi, duk abin da suka ce saura shi kaɗai, ba shi kaɗai ba ne. Kar ka goge hirar don kunya, ɗauki hoton komai, lambobin waya, sunan da aka tura wa kuɗi, rasit ɗin katunan. Kira bankinka a ranar, kuɗin da ka tura da hannunka ta Zelle ko kiripto da wuya su dawo gaskiya, amma katin kyauta in ka yi sauri ka kira kamfanin da ya yi shi kafin su kwashe, wani lokaci ana iya tsayar da shi. Cire manhajar daga wayar ka canza faswod na banki da na imel, don fayil irin wannan yana iya karanta saƙonnin da banki ke turo maka. In ka ba da lambar Social Security, je ka daskarar da kiredit ɗinka a Equifax da Experian da TransUnion, kamfanonin da ke riƙe da tarihin bashin mutane, don kar a buɗe sabon bashi da sunanka, kyauta ne, kuma ka nemi lambar kariya ta IP PIN a wurin IRS don kar wani ya cike haraji da sunanka. Ka kai ƙara wurin FTC, hukumar kare masu saye, da sashen IC3 na FBI mai karɓar ƙarar laifukan intanet, duk ta intanet ake yi.

Kuma ku sa ran kira na biyu. Bayan kwana kaɗan wani zai bullo, wai lauya ne ko jami'in gwamnati ko ƙwararren kwamfuta, ya ga sunanka cikin waɗanda aka cuta, zai dawo maka da kuɗinka in ka biya kuɗin buɗe fayil. Su ne dai, ko waɗanda suka sayar wa lambarka. Yaron da nake magana an kira shi, yayansa ne ya karɓi wayar ya tambayi mai kiran sunan ofishinsu da adireshi, sai aka kashe.