Trip 35 ko mju II? Ƙanena, ɗauki tsohuwar

Ƙanena na Marwa, tsakanin kyamarorin fim ɗin nan biyu na Olympus, Trip 35 da mju II, da ka ce an yi maka tayinsu, ɗauki Trip ɗin. Duka biyun sun ratsa hannuna a nan Garwa. Ɗaya tana rataye a wuyana har gobe, ɗayar kuwa tana ƙasan durowa, in na gan ta sai in tuna kuɗina.

Trip ɗina ta baffana ce. A Jidda ya sayo ta shekarar da ya sauke farali, 1981, ya ɗauki hotunan sunan 'ya'yansa da ita, daga baya ta shige adaka aka manta. Da muka buɗe adakar bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, na tarar da ita naɗe cikin tsohon hirami, murfin idonta a rufe. Ban sa mata komai ba sai fim. Ramin batir ma ba ta da shi, balle a ce wani ya zube a ciki ya ci ƙarfe. Ka duba kewayen idonta, za ka ga zobe mai ƙwayoyin gilashi kamar saƙar zuma. Ƙarƙashinsa akwai sinadarin seleniyom, wanda in haske ya faɗa masa yake haifar da 'yar wutar da kyamarar ke auna hasken da ita. Rana ce batir ɗinta ke nan, mu kuwa in akwai abin da Allah ya ba mu har muna neman sauƙi, rana ce.

Hoton farko da na ɗauka na Goggo ne, ƙanwar marigayin. Tana zaune gindin dogon yaro da la'asar sakaliya, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Na murza zoben nisa zuwa alamar mutum biyu, na danna. Ƙarar ba ta kai ta ƙyasta ashana ba, Goggo ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai bayan sati uku hoton ya dawo daga wanki. Ga lallen yatsunta ya fara kodewa, ga ɓawon gyaɗa a kan zaninta, ga hasken da ya keto ta ganye ya sauka a kafaɗarta ɗaya. Na miƙa mata. Ba kanta ta tsaya kallo ba, cewa ta yi, "Ashe akwatin Alhaji bai mutu ba."

Bai mutu ba kuwa, don ba shi da abin mutuwa da yawa. Daga 1967 zuwa 1984 aka yi ta ƙera wannan kyamara, an sayar da sama da miliyan 10, jikinta ƙarfe, cikinta 'yan ƙusoshi da sifirin. Idonta Zuiko ne, wato gilashin kamfanin Olympus, na milimita 40, buɗinsa 2.8. Gudun ƙiftawarta biyu ne kacal, 1/40 da 1/200 na daƙiƙa, ita take zaɓa in ka bar zoben buɗin ido a kan harafin A. Naka aikin ƙiyasin nisa ne da alamomi huɗu: mutum ɗaya mita 1, mutum biyu mita 1.5, jama'a mita 3, dutse kuma duk abin da ya yi nesa. Ni a kasuwa ko bakin Binuwai a kan jama'a nake barinta, domin da rana tsaka ido na tsukewa, kusan komai sai ya fito tas. In haske ya gaza, wata 'yar jar tuta ce ke tasowa cikin tagar leƙe, madannin ya ƙi dannuwa. Kamar tsohuwa ce ke riƙe maka hannu kar ka yi ɓarna.

Tana da nata aibin, ba zan ɓoye maka ba. Bayan magariba ba ta da amfani sai ka ɗora mata filasha a ka. Akwai dabarar cire zoben daga A a kai shi 2.8, ta ɗauka a 1/40 ko da jar tutar ba ta so, amma sai ka jingina da bango ka riƙe numfashi. Ranar hawan salla ma, dokin da ya gifta ka a sukuwane zai fito dishi-dishi kamar an shafa shi da hannu. Tsaya inda mahayan ke fuskantowa, ba inda suke wucewa ba. Kuma za ka manta zoben nisa sau ɗaya ko biyu, ka ɗauki dutsen Mindif a kan alamar mutum ɗaya. Kowa ya yi wannan.

Ita mju II idonta mai kyau ne, na yarda, milimita 35, buɗi 2.8, tana shiga aljihun riga, tana saita nisa da kanta, tana da filasharta. Iyakar yabon ke nan. Ta 1997 ce, roba da injin lantarki da suka haura shekara 25. Batir ɗinta CR123A, wanda ba za ka ce yaro ya ruga tebur ya sayo ba. Duk sanda ka zuge murfin sai filashar ta koma yin gaban kanta, sai ka sake kashewa. An yi ta da robobin tare yayyafi, amma roba tana tsufa, murfinta mai zugewa kuma ƙurar hunturu yake sharowa zuwa bakin ido. Ranar da ta tsaya, ta tsaya. Trip ɗina da ganyayen ƙarfen da ke buɗe idonta da tsuke shi suka fara maƙewa, wani dattijo mai gyaran agogo ne ya kwance, ya goge, ya mayar, na ba shi kuɗin goro. Kai masa mju ka ga kallon da zai yi maka.

Tawa mju ɗin cinikin biri a sama na yi. Wani ne ya saka hotonta a intanet, wai "sabuwa fil, ta wata Baturiya ce, ba ta ɗauki fim goma ba". Na tura sefa dubu 90, aka sako ta a motar da ke tasowa daga kudu. Hoto 14 ta ɗauka idon ya fito ya ƙi komawa. Da na haska tocila cikin ramin batir, sai ga koren tsatsa an kankare shi sama-sama. Lambar mutumin kuwa tun daga ranar a kashe take.

To ka ji, ko Trip ɗin ce kar ka biya sai ta zo hannunka, don masu sayarwa sun gano yara na sonta, kowace mushe sai a goge ta da tsumma a ce "tana aiki daram". Gwajin ba ya ɗaukar minti biyu, ba ya buƙatar fim. Sa zoben a A, murza ƙafar jan fim, rufe idon da zoben saƙar zuman gaba ɗaya da tafin hannu, ka danna. Dole jar tuta ta taso, madannin ya ƙi. Cire hannun, fuskanci haske, ka danna, ta ɗauka. In ta ɗauka cikin duhun tafinka, ko ta ɗaga tuta da rana tsaka, awon haskenta ya tafi, ko ganyayen sun maƙe. Seleniyom yana gajiya in ya shekara da shekaru a buɗe, shi ya sa murfin baffana ya cece ni. Wadda aka baje a tabarmar 'yan gwangwan tana shan ranar Marwa, bar musu kayansu. Sannan buɗe bayanta ka shafa soson da ke bin gefen ƙofa. In ya zama baƙin danƙo yana bin yatsa, haske zai shiga ya ƙona maka hoto da jan zane. Wannan ana canzawa, amma a rage maka kuɗi. Haska tocilar waya ta cikin gilashin kuma. Kayan da suka kwana biyu a Duwala sukan yi wani farin saƙa kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce ta laima, tana cin gilashi.

In mai kayan ya ce sauri yake yi, ba lokacin gwaji, kai ma ka ce masa sauri kake yi.

Sai abin da ba ka tambaya ba, wanda shi ne zai fi cin aljihunka: fim da wanki. Ka tabbatar da wanda zai wanke maka tun kafin ka sayi kyamarar. Ni Yawunde nake aikawa, in tara uku ko huɗu in ba mai tafiya, a turo min hotunan ta waya, nagatif ɗin ya biyo baya. Sayi mai lamba 200 (lambar saurin kama haske), Kodak Gold ko ColorPlus, hoto 36, ka saita lambar da hannu a zoben gaba. Mai 400 da tsakar ranarmu yana kai Trip iyakar abin da za ta iya tsukewa. Duba ranar da aka buga a kwalin, kuma ka tambayi inda aka ajiye shi, don fim ɗin da ya yi watan Maris da Afrilu a shagon kwano, zafi ya haura 40, launinsa ya riga ya juya ko kwanansa bai ƙare ba. Nawa a firji yake, cikin leda biyu, kusa da kullun uwargida. Nakan fito da shi awa ɗaya kafin in buɗe, don kar ya yi gumi.

In ka je ganinta, ɗauko min ɗan bidiyon jar tutar tana tasowa ka turo nan, kafin ka sa hannu a aljihu.