BitLocker a kwamfutar shago: na gamsu, amma da sauran aiki

Ni ke riƙe wa wani ɗan kasuwa lissafi a nan Maraɗi, aya da wake muke turawa Najeriya ta Ɗan Isa. Komai na cikin kwamfuta guda: sunayen masu bashi, lambobin wayarsu, takardun duwan. Shi ya sa na kunna mata BitLocker, tsarin kulle bayanan kwamfuta, kuma ko dala ban biya ba, don yana cikin Windows Pro tun asali.

Mutane da yawa na ɗauka lambar sirrin shiga Windows ta wadatar. Ina! Ɓarawo na iya kwance faifan ajiya ya jona wa wata kwamfuta, ya karanta komai hankali kwance. BitLocker kuwa birkita bayanan yake yi gaba ɗaya, makullin na ɓoye cikin wani ɗan guntu da ake kira TPM a jikin na'urar. In aka cire faifan, shirme kawai za a tarar. Wajen aiki ban ji ta ƙara nauyi ba, Excel na buɗewa yadda ya saba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lambar ceto mai alƙalumma 48. Ranar da mai gyara ya canza allon cikin kwamfutar ko ya taɓa BIOS, wato saitin da ke tada na'urar, tana iya tsayawa cik ta ce sai an ba ta lambar. In babu, to ko kamfanin da ya ƙera ta ba zai buɗe maka ba. Tawa na buga ta a takarda, ɗaya a gida, ɗaya wajen Alhaji maigidana, wanda ya naɗe ta cikin takardun filinsa yana ce mini: "Yaro, wannan ai ta fi makullin sito." Kada dai a bar ta cikin jakar kwamfutar, su tafi tare.

Abin da ba zai yi maka ba shi ne dawo da bayanan in an sace na'urar. Hana ɓarawo gani kawai yake yi. Don haka kullum da yamma ina tura lissafin Google Drive, ma'ajiyar intanet mai ba da giga 15 kyauta, in intanet ya yarda. In ya ƙi, na kwafa a kilen USB, ita ma a kulle.

Masu sayen kwamfuta ta hannu su duba tukuna: in Windows Home ce, cikakken BitLocker ba ya ciki.