Na biya kuɗin darasi shida kan matsalar Nirenberg, ga abin da na tarar

Wata ɗaya kenan da na gama darasi shida ta Zoom da wani malamin lissafi da ke koyarwa a kan kuɗi, ba zan kama suna ba don ba talla nake masa ba, kuma akwai inda zan yi ƙorafi. Abin da ya kai ni dai aikin mastas ɗina ne, an ba ni matsalar Nirenberg, na yi wata biyu ina kallon takardu suna kallona.

Ga wanda bai sani ba, tambayar Louis Nirenberg ce, masanin lissafi na cibiyar Courant a New York da ya raba kyautar Abel da John Nash a 2015. Wai ga fuskar ƙwallo, ga wani K da aka ba ka, wato lambar da aka ɗora wa kowane ɗigo na fuskar, za ka iya sauya ma'aunin tsawo a kan ƙwallon, nan ka miƙa can ka tsuke amma ba ka taɓa kusurwa ko ɗaya ba, har lankwasar kowane wuri ta zama K ɗin nan? A rubuce layi ɗaya ne tal, Δu + Ke^(2u) = 1, inda u da ake nema ke nuna yawan miƙawa ko tsukewa a kowane ɗigo, kamar abin wasa.

Ranar farko malamin ya fara da ƙa'idar Gauss da Bonnet, jimillar lankwasa dole ta tashi 4π, kenan dole K ya haura sifili a wani wuri, na ce to ai wannan na sani malam. Sai ya ce in ɗauki K = 2 + z, z tsayi ne daga ƙasan ƙwallo zuwa sama, ko ina ya haura sifili, in je in nemo amsa kafin mako mai zuwa. Wallahi kwana huɗu na yi ina fama har da lissafi a bayan takardar biredi, ashe babu amsar kwata-kwata, da gangan ya bar ni na wahala. Da muka dawo ya fito da sharaɗin Kazdan da Warner na 1974, wanda dole ya cika in har akwai amsa, ya saka K ɗin a ciki, sai ga shi ana neman jimillar abin da bai taɓa sauka ƙasa da sifili ba, kuma ba sifili ba ne, ta zama sifili. Layi uku. Na ji haushi amma har gobe ba zan manta ba, wannan darasin kaɗai ya ci kuɗinsa.

Kuma bai tsaya a alli ba, balan-balan ya hura ya zana mata layuka da alƙalamin maka yana murza ta gaban kyamara, yana nuna yadda sauyin Möbius ke kwashe duk faɗin ƙwallo ya tara shi a ɗigo ɗaya kusurwa ba ta canja ba, ya ce duk wahalar matsalar daga nan take, amsar da kake bi sai ta tsere ta maƙale a wuri guda. Daga nan na gane dalilin da Moser ya ci nasara a 1973 idan K iri ɗaya ne a kowane ɗigo da kishiyarsa ta ɗaya gefen ƙwallon, amsar ba ta da gefen da za ta gudu. Sharaɗin Chang da Yang na 1987 ma ya bi shi a hankali, ƙirga ƙololuwan K ne da wuraren da yake da siffar sirdi.

To ƙorafina. Abin da na fi biya dominsa shi ne kwarara, wato ka saki ma'auni ya riƙa sauyawa da lokaci har lankwasarsa ta matso K, shi kuma sai a darasi na biyar ya taɓo ta. Hamilton da kwararar Ricci a 1982, Chow ya kammala na ƙwallo a 1991, duk a minti goma ya wuce su kamar ana korarsa. Aikin Struwe na 2005 kuwa, wanda shi ne ƙashin bayan babi na uku nawa, ya ce ko dai kwararar ta tsaya a amsa ko ta dunƙule a ɗigo ɗaya, na tambaye shi ta yaya aka san ba za ta dunƙule a wuri biyu ba sai ya ce kuzarin bai isa ba, in duba takardar. Haba malam, takardar ce fa ta koro ni wajenka.

Ba ya yarda a yi rikodin, ranar da aka ɗauke wuta netwok ya yanke na yi asarar kusan rabin awa bai rama min ba, ga biyan da dala ne, ga data. Rubutunsa dai yana da kyau kuma yana turo hoton allo bayan an tashi.

In ka san lissafin Sobolev, wato hanyar auna girman abu irin u tare da saurin sauyawarsa, kuma tushen kake nema, je ka. In kwarara ce damuwarka ka gaya masa tun ranar farko ku raba darasin biyu, ni yanzu ina tara kuɗin ƙarin guda biyu, na riga na tura masa shafukan da nake so mu bi layi-layi.